Faifan Hajiya ya karce, maigida kuma yana hanya

Wasiƙar wannan makon daga unguwar Yelwa ta Garwa ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum Kawu. Ina cikin damuwa. Maigidana direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Ngaundare da Injamena. Yana da wani faifai guda ɗaya tal da aka ɗauka a 2011, ranar walimar dawowar mahaifiyarsa daga aikin Hajji. Ta rasu kafin aurenmu, ban taɓa ganinta ba sai a faifan nan. Makon jiya ƙanwata ta kawo mini ziyara, na ɗauko na sa mata ta ga Hajiya, da muka gama na manta shi a kan talabijin. Ɗana mai shekara uku ya ɗauka ya yi ta turawa a kan siminti wai mota. Da na gani na goge shi da bakin zanena, na shafa masa man shafawa kamar yadda maƙwabciyata ta ce. Yanzu yana farawa lafiya lau, amma da an kai wajen minti 40, daidai inda Hajiya take sa wa 'ya'yanta albarka ɗaya bayan ɗaya, sai hoton ya farfashe ya tsaya cik. Wasu sun ce in goge da man goge baki, wasu sun ce fetur, wata ma ta ce in kwanar da shi a firiza. Saura kwana tara ya dawo. Yaya zan gyara shi kafin ya iso? Idan kuma bai gyaru ba, in mayar da shi gidansa in yi shiru, ko in ce yaro ne ya buɗe akwati ya ɗauko?"

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta.

Kafin ki ci gaba da karanta amsar nan, tashi ki ɗauke faifan daga inda yake, ki sa shi a gidansa, ki kai can saman kwaba inda hannun maigidan ƙarami ba ya kaiwa. Kada ki ƙara sa shi a lektar, wato na'urar kunna faifai, don ki gwada ko ya warke da kansa, kada ki bari kowa ya ƙara shafa masa komai. Na yi shekaru ina ɗaukar bidiyon bukukuwa ina buga faifai, kuma faifan da yara suka kashe a gabana bai kai rabin wanda manya suka ƙarasa da hannunsu garin gyara ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Yadda kika bayyana shi, ina da kyakkyawan zato. Faifan da yake buɗewa, ya yi minti 40 yana tafiya, bai mutu ba. Amma sai kin gane yadda aka gina shi kafin ki san abin da zai amfane shi da abin da zai kashe shi, don haka ki ɗan yi haƙuri da ni.

Hoton Hajiya da muryarta ba a kan fuskar da kike gogewa suke ba. Wannan fuskar mai ƙyalli roba ce garau, kamar gilashin taga. Rubutun yana can ciki, haske ne ɗan siriri yake ratsa robar ya karanto shi ya dawo. Idan robar ta karce, hasken yana zuwa wurin sai ya karkace, na'urar ta rasa layinta. Ke nan sau da yawa rubutun yana nan lafiyarsa ƙalau, tagar ce ta yi zane. Rubutun kuwa layi ɗaya ne da ya nannaɗe kamar ɗinkin faifan kaba, yana farawa daga tsakiya, kusa da huda, yana zagayawa har baki. A DVD tsawon layin nan ya kusa kilomita 12, kuma a matse yake ƙwarai, har zagaye sama da 50 za su shige cikin kaurin silin gashi ɗaya. Tunda naki farkonsa lafiya yake, sai can gaba yake cijewa, to ciwon ba a tsakiya yake ba. Ki juya shi a haske ki dubi wajen baki-baki, a can za ki ga zanen da ya hana ki barci.

Ba kowane zane ne yake da illa ba. Waɗanda suka ƙera faifai, tun daga CD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, sun san za a karce shi, saboda haka suka saka wani lissafi a cikin rubutun wanda yake cike gurbin abin da ya ɓace idan bai yi yawa ba. Zanen da ya taso daga tsakiya ya nufi baki, kamar wayar ƙafar keke, ɗan guntu yake ci a kowane zagaye, na'ura ta cike ta wuce ba ki ma sani ba. Wanda ya bi zagayen faifan, ya kwanta a kan layi ya yi tafiya da shi, shi ne mugu, don yana cinye dogon rubutu a jere har lissafin ya gaza. A nan ne zan ɗan ja miki kunne. Duk wanda ya ɗauki faifai zai goge, hannunsa zagayawa yake yi kamar mai wanke faranti. Idan haka kika yi da bakin zane, alhali akwai ƙurar siminti a jikinsa, mai yiwuwa zanenki ya ƙara wa aikin yaron gishiri. Ba don ki ƙara damuwa na faɗa ba. Na faɗa ne don kada ki maimaita.

Sai kuma ki gano mini ko DVD ne ko CD, domin a shekarun nan da yawa daga cikinmu a VCD muke buga wa mutane biki, kowa kuma "faifai" yake cewa. Dubi samansa ko zoben da ke kusa da huda. Idan kin ga DVD-R ko 4.7 GB, DVD ne, kuma ƙasansa yakan yi launin shuni-shuni. Idan kin ga CD-R ko 700 MB, CD ne. Kaurinsu ɗaya, milimita 1.2, amma gininsu daban. DVD falle biyu ne aka manne, kowanne milimita 0.6, rubutun yana tsakiya a killace. Shi kuwa CD rubutunsa yana sama, ƙarƙashin fentin da ake rubuta suna a kai, ba abin da ya raba shi da duniya sai ɗan shafe mai kaurin fatar albasa ko ma ƙasa da haka. Shi ya sa karce a saman CD ya fi na ƙasa haɗari nesa ba kusa ba. Ki ɗaga shi saitin ƙwan lantarki, ki duba ta ƙasa. Idan haske yana ɓullowa ta wasu 'yan huje-huje ko ta wani zane, wurin ya tafi ke nan, babu man da zai dawo da shi, sai dai a ceci abin da ke kewaye. Idan ba ki ga haske ba, ki yi hamdala.

Ki duba huda ta tsakiya da kyau. Idan akwai tsagewa ko da 'yar ƙarama ce, ki gaya wa duk wanda zai sa shi a kwamfuta. Na taɓa raina irin wannan tsagar a faifan wani ango, na tura shi cikin kwamfuta ina sauri. Ya ɗauki gudu, sai na ji ƙara kamar an fasa kwalba a cikin akwatin. Da na buɗe, gutsattsarin roba na kwaso da tsintsiya. Allah ya taimake ni kaset ɗin asali yana hannuna, amma ranar gumin da na yi ba na zafin Garwa ba ne.

Abin da za ki iya yi yau da hannunki, ba tare da kin nemi izinin kowa ba, shi ne wanki. Man shafawan da kika sa dole ne ya fita. Gaskiya ne mai yakan cike zane na ɗan lokaci, amma irin namu mai turare yana kama ƙura, idan faifan ya ɗauki gudu kuma yana iya fantsama ya ɓata idon na'urar. Ki wanke hannunki tukuna. Ki samu ruwan leda ko na gora, kada ki yi amfani da na rijiya ko na randa da yashi ya kwanta a ƙasansa, kada kuma ya zama mai zafi. Ki riƙe faifan ta baki da huda, ki fara kwarara masa ruwa ba tare da kin taɓa fuskar ba, don ƙwayoyin siminti su sauka da kansu. Sannan ki ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka, ɗigo ɗaya, ki bi da tafin yatsa a hankali daga tsakiya zuwa baki, ki ɗaga yatsa, ki koma tsakiya, har ki zagaye shi. Ki ɗauraye sosai. Kada ki jiƙa shi a kwano ki tafi girki, don idan mannin DVD ya ɗan saki ta baki ruwa zai shiga tsakani. Wajen tsanewa ki nemi ƙyallen goge tabarau, ko tsohuwar singileti ta auduga da ta sha wanki ta yi laushi. Atamfa da shadda da tawul da takardar goge hannu duk suna zana roba. Ki jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Faifai da yawa da aka kawo mini ana kuka, maiƙon yatsu ne da busasshen kunu kawai a jikinsu.

Fetur, kananzir, tina ta masu fenti da ruwan cire jan farce, ko kusa kada su zo. Wasunsu suna cin robar nan, su mayar da ita fari-fari kamar idon da ya yi yana, wasu su sa ta tsattsage. Omo da toka kuwa yashi ne a wurin faifai. Maganar firiza ki bar ta inda kika ji ta, sanyi ba ya ɗinke zane, raɓa kawai zai tara. Haka masu cewa a gasa shi a kan fitila ko a tsoma a tafasasshen ruwa: faifan da ya lanƙwashe ya gama yawo.

Yanzu ga zancen da ya fi kowanne nauyi a wasiƙar nan. Ke kina neman yadda faifan zai koma kamar da, ni kuwa so nake a fitar da Hajiya daga cikinsa tun yana da sauran numfashi. Robar ba ta kai sefa ɗari biyar ba ranar da aka saye ta. A kwafe tukuna, gogewa ta biyo baya, idan ma an buƙace ta.

Bayan ya bushe, ki kai shi wurin mai kwamfutar da ke da wurin sa faifai. Yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka sun daina zuwa da shi, saboda haka ki nemi tsofaffin nan na kan tebur, a wurin masu buga takardu, masu gyaran kwamfuta, ko masu tura fina-finai a waya da suka daɗe a sana'ar. Lektar ta gida ba ta da haƙuri: dole ta nuna hoto a kan lokaci, idan ta kasa karanta wuri sai ta cije ko ta yi tsalle. Kwamfuta tana iya rage gudu ta koma wuri ɗaya sau goma, sau ashirin, har ta samu. Idon na'urori ma ba ɗaya ba ne, wanda wannan ta ƙi wata sai ta karɓa, don haka idan an kasa a shago na farko kada ki yanke ƙauna, ki gwada na biyu da na uku. Ni har lektar ɗinku ina zarginta. Na'urar da ta sha ƙurar hunturu shekara da shekaru idonta yakan dushe, ƙaramin zane ya zame mata dutse.

Ki tafi da filas, wato kile, mai aƙalla 8 GB, ki kuma tafi da ƙanwarki ko wani ɗan'uwa, ki zauna a yi a gabanki. Kada ki bar faifan ya kwana a shago. Ba sata nake tsoro ba. Yaron shago ne zai ga ya ƙi karantuwa, ya goga shi a gaban rigarsa don ya taimake ki.

Ga abin da za ki gaya masa. Idan DVD ne, akwai jaka a ciki mai suna VIDEO_TS, a cikinta akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB, kowanne bai wuce 1 GB ba. Idan VCD ne, jakar MPEGAV ce, fayil ɗin yana ƙarewa da DAT. Ya kwafe su ɗaya-ɗaya, kada ya ja su gaba ɗaya. Masu lafiya za su wuce, kin ga ko ba komai an tsirar da mafi yawan walimar. Wanda ciwon yake ciki zai tsaya a hanya, kwamfutar ta fito da saƙon kuskure, a masu Faransanci za ki ga an rubuta "redondance cyclique". A nan yawancin yaran shago suke miƙo faifai su ce ya mutu. Bai mutu ba, kwafin yau da kullum ne ba ya jure tuntuɓe. Akwai manhajoji da aka yi musamman don wannan aiki. IsoBuster tana aiki a Windows, wani ɓangarenta sai an biya. Akwai kuma ddrescue, kyauta ce, a Linux take aiki, kuma ita na fi so: tana fara kwashe duk wuraren da ke da sauƙi, ta tsallake masu wuya, sannan ta dawo tana bin su kaɗan-kaɗan, tana rubuta inda ta tsaya. Ko an ɗauke wuta, ko an koma wata kwamfutar, daga nan za ta ci gaba, abin da wannan ido ya gani da wanda wancan ya gani a haɗa su wuri ɗaya. Aikin yana iya cin awa uku, yana iya cin yini. Wanda ya san ta ba a kowane lungu yake ba, amma masu gyaran kwamfuta da ɗaliban da suka karanci fannin a Ngaundare ko Marwa ba za su rasa saninta ba. Ki nuna masa wannan sakin layin a wayarki, ya isa.

Ko an gama an rasa wani abu, ki san girman asarar. Idan bidiyon awa ɗaya ne ya cika faifan, kowane sakan na kallo bai wuce 1.3 MB ba. Ke nan idan aka ce 5 MB sun ƙi fitowa, sakan huɗu ne ko kusa da haka: hoto ya farfashe, murya ta yanke, sannan Hajiya ta ci gaba da addu'arta. Manhajar VLC tana kunna irin wannan fayil mai rauni ta wuce wurin, ba kamar lektar da take tsayawa cik ba. Sakan huɗu da minti ashirin ba ɗaya ba ne.

Sai an yi wannan duka, kwafi yana hannu, sannan a yi maganar man goge baki. Waɗanda suka gaya miki ba ƙarya suka yi ba, rabin zance suka faɗa. Man goge baki yana da ɗan gari mai laushi a ciki, yana cin robar kaɗan, ya daddaɗe kaifin bakin zanen yadda haske zai wuce. Yana yi wa zane marar zurfi aiki. Ki ja farcenki a hankali ki ratsa zanen: idan farce ya wuce sumul, akwai fata, idan ya maƙale, ya fi ƙarfin man goge baki. Farin nan na gargajiya ake nema, ban da mai kama da jeli, ban da mai ƙwayoyi a ciki. Kamar ƙwayar wake ya isa. A shafa a kan zanen kaɗai, da yatsa ko auduga, daga tsakiya zuwa baki, minti biyu ko uku ba tare da dannawa ba, a wanke, a tsane, a mayar kwamfuta ta sake neman abin da ya rage. Illarsa ita ce yana barin nasa ƙananan zane kamar hazo, DVD kuma da rubutunsa ya fi na CD matsuwa ba ya son hazo. Na ga faifan da man goge baki ya tayar, na ga wanda ya kwantar har abada. Duk mai son yi ya fara koyo a kan tsohon faifan fim da ba a damu da shi ba. Akwai kuma injin da ke feƙe fuskar faifai gaba ɗaya ya sake goge ta, shi ne maganin zane mai zurfi idan an samu wanda ya iya, amma abin da ya ci ba ya dawowa, robar DVD kuma ba ta da kaurin da za a yi ta maimaitawa.

To, wannan matakin ba naki ba ne ke kaɗai, kuma shi ya kawo mu tambayarki ta biyu.

Wanki da kwafi ba sa rage wa faifan komai, ki yi su gobe. Gogewa kuwa ba a janye ta, kuma uwar da ke ciki tasa ce. Idan kika goge a ɓoye ya gyaru, kin ci sa'a. Idan ya lalace, kin haɗa laifi biyu, na biyun kuma da gangan. Ki bar shi ya yanke wannan da bakinsa.

Mayar da faifan cikin akwati ki yi shiru ba zai ɓoye komai ba, jinkiri ne kawai. Wata rana kewar uwarsa za ta taso masa, wataƙila da azumi, wataƙila ranar da ya dawo daga wata jana'iza, ya ɗauko ya sa, ya tsaya masa a minti 40. Ya juya shi ya ga zane. Ki ƙiyasta fuskarki a lokacin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar a ce yaro ne ya buɗe akwati kuwa, 'yata, ban ji daɗinta ba. Ɗan shekara uku ya ga abu mai ƙyalli a inda hannunsa ke kaiwa, ya yi abin da kowane yaro zai yi. Idan ran uban ya ɓaci ya ɗaga masa hannu a kan ƙaryar da kika shirya, wannan zai daɗe yana cin ki fiye da faifan. Laifinki mantuwa ce, kuma ki dubi dalilin da ya sa kika ɗauko shi tun farko: surukar da ba ki taɓa gani ba kike nuna wa 'yar'uwarki. Ba abin kunya ba ne. Namijin da yake adana faifan uwarsa shekara da shekaru, in ya huce, zai gane wannan.

Akwai ma wani dalilin da zai sa ki faɗa masa da wuri. A sana'armu ba a cika buga faifan walima guda ɗaya ba. Mai biki yakan ce a yi masa uku ko biyar, a ba babbar 'ya, a aika wa ƙanen uba, a kai wa wadda take aure a Marwa ko Yola. Ke kin san guda ɗaya ne a gidanku, amma shi ne ya san wa da wa aka ba a 2011. Shi ne kuma ya san wanda ya ɗauki bidiyon. A lokacin yawancinmu da ƙaramin kaset na Mini DV muke aiki, mai cin awa ɗaya, wasu sukan maimaita kaset a biki na gaba, wasu kuwa suna da kwalaye cike da su har yau. Wataƙila faifai lafiyayye yana kwance a ƙasan adakar yayarsa. Amma ba za ki iya buga wa dangin miji waya kina cigiya ba tare da labari ya riga ki isa kunnensa ba, kin kuwa san yadda zance yake canza kaya a hanya. Gara ya ji daga bakinki.

Lokacin faɗa ne zan ce ki lura da shi. Mutumin da ke riƙe da sitiyarin babbar mota a hanyar Marwa zuwa Kusuri ba a jefa masa abin da zai raba masa hankali. Ki yi kwafin tukuna, kwana biyu ko uku sun isa. Idan kin san shi mai saurin hucewa ne, ki kira shi da dare bayan ya ajiye mota ya yi sallah. Idan mai zafi ne, ki bari ya dawo, ya yi wanka, ya ci abinci, yaro ya yi barci. Ki fara da abin da ya faru kai tsaye, ban da kewaye-kewaye: na ɗauko faifan Hajiya na nuna wa ƙanwata, na manta shi a waje, yaro ya karce shi, na goge da zane ban san ba a yi ba, ka yi haƙuri. Sannan ki miƙa masa kile ɗin ki ce ga abin da aka ceto. Idan ya yi faɗa, ki bar shi ya yi, kada ki tare shi da "ai ba da gangan ba ne", ya sani. Ba roba yake wa faɗa ba. Idan kuma ya yi shiru ya fita, kada ki bi shi da magana, shirun ma na uwarsa ne.

Wani abu da za ki iya gaya masa bayan ƙura ta lafa, ba a daren ba, kada ya zama kamar kina wanke kanki: faifan nan ko yaro bai taɓa shi ba, ba zai dawwama ba. Faifan da aka buga a kwamfuta ba kamar na kamfani ba ne. Rubutunsa a kan wani rini yake, wanda haske ya ƙona, zafi da rana kuma suna cin rinin nan a hankali. Ɗakin kwano a Garwa cikin watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba wurin hutun faifai ba ne. Naku ya haura shekara goma. Irinsa nawa aka kawo mini fes, ko zane ɗaya babu, amma kwamfuta ta ce ba ta ga komai a ciki ba.

Saboda haka in an samu kwafin, kada a bar shi a kile ɗaya. Kile ma yana mutuwa ba sallama, na jabu kuma sun cika kasuwa, a rubuta 32 GB a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba. Ki sa a buɗe bidiyon daga kan kile ɗin a gabanki, a duba farko da tsakiya da ƙarshe, kafin ki biya. A ajiye fayilolin asali yadda suke, sannan a juya wani kwafin zuwa MP4 da manhajar HandBrake, ita ma kyauta ce, don ya kunnu a waya. Ɗaya a wayar maigida, ya riƙa gani a inda dare ya yi masa a hanya. Ɗaya a Google Drive. Ɗaya a tura wa kowace 'yar Hajiya, kuma idan ta WhatsApp ne a tura shi a matsayin takarda, wato "document", don in an tura a matsayin bidiyo yana matse shi hoton ya dushe. Shi kuma tsohon faifan a mayar da shi gidansa na roba mai tauri, a tsaye, a cikin akwatin tufafi nesa da taga, kada a manna masa takarda, kada a yi rubutu a kansa da biro.

Ki rubuto mini ki gaya mini abin da aka rubuta a zoben tsakiya, da ko haske ya ɓullo ta jikinsa. Idan CD ne kuma samansa ne ya karce, akwai abin da zan ƙara miki kafin a sa shi a kowace kwamfuta.